Babin da Ya Cire

Ranar Asabar ya fara ganinta, a zauren cocin da ake raba wa marasa hali abinci. Kwalejinsa ta Kirista ce ta turo shi wannan baƙuwar ƙasa, ya yi shekara yana nazarin zamantakewar jama'a, da sharaɗin ya yi hidima. Ya shigo riƙe da takardun tambayoyi. Ita tana bakin tukunya.

"Malam Tambaya, nan ba a cin takarda," ta ce. "Ajiye ka ɗauki tire."

Sunan ya bi shi. Shi kuma ya laƙaba mata Mai Ludayi. Wata uku yana wanke kwanuka a gefenta kafin ya iya tura mata saƙo:

"Mai Ludayina, mutum arba'in na yi wa tambayoyi, zuciyata ba ta buga ba sai a kanki. Kin yarda in gaida Baba?"

Ta amsa: "Sarkin tsoro, sai yau? Ai ka san shi. Shi ne mai askin bakin ƙofa."

Ya san shi kuwa, har fiye da kima. Dattijon yana yi wa masu bin layi aski kyauta. Wata rana yana gyara wa saurayin fuska sai ya saki baki: da can shugaban sashe ne a wata ma'aikata, aiki ya ƙare, askin nan kuwa mayafi ne, don ya tafi gida da ragowar abinci ba tare da ya tsaya a layi ba. Saurayin ya kwashe zancen kaf ya zuba a babi na huɗu na kundin bincikensa, ya sakaya suna. Malamarsa ta ce babin ne ƙashin bayan aikin.

Masu karatu kan ɗauka cire suna shi ne rufin asiri. Ba shi ba ne. Mai aski ɗaya ne a zauren nan.

Mai Ludayi da kanta ta kai kwafin kundin gida don alfahari, ba ta karanta ba. Dattijon ya sa tabarau ya karanta, ya aika a kira saurayin.

"Yaro, na zaci da ɗa nake hira, ashe da biro nake. Wanda ya baje cikina don a ba shi maki, me zai yi da sirrin 'yata? Tashi ka ba ni wuri."

Saƙonta ya iske shi a tashar bas: "Shekara biyu ina zuba masa ragowar nan, na ɗauka tukuici ne. A rubutunka na san gaskiya. Kada ka kira ni."

Ya yi kwana uku yana kare kansa a zuci: ai ba ƙarya ya rubuta ba. A rana ta huɗu ya je ofishin malamar, ya ce zai cire babin.

"In ka cire babin, sai ka sake bincike daga tushe," ta ce. "Ba za a yaye ka da 'yan ajinka ba."

"Na sani, Malama. Ba nawa ba ne, ban roƙa ba na ɗauka."

Abokansa suka sa hular yaye suka koma gida. Shi ya ci gaba da wanke kwanuka, bai yi wa kowa shela ba. A bakin matar fasto yarinyar ta ji.

Wata Asabar dattijon ya dube shi, ya buga bayan kujerar aski.

"Zo zauna, kanka ya zama daji."

Da aska ta kai maƙogwaro dattijon ya tambaya, "Abin da aka faɗa a kujerar nan, ina yake zuwa?"

"Nan yake kwana, Baba."

"To, kira manyanka a waya."

Aka ɗaura auren a cocin bayan shekara guda. Amarya ta raɗa masa, "Rabin raina, ka daina rawar jiki, fasto na kallonka." Dattijon ya ɗora hannu a kansu su biyu.

"Ubangiji ya albarkace ku, ya ba ku 'ya'ya masu kunya. Ya sa ku ciyar da mutane ba tare da kun kalli fuskarsu sau biyu ba."

Amin ɗin da ya fi ƙarfi daga benci na baya ya fito, inda masu bin layi suka zauna.