Wasiƙar da Emma Ya Wanke

Kun sha ganinta kun kau da kai. Yarinya zaune a baranda da almakashi da farin gam, tana liƙa takarda a jikin kwalbar fure, ku kuwa ku ce wasa take yi kafin miji ya zo. Emma ma haka ya ɗauka, kuma saura ƙiris ya rasa matar aure a kan haka.

A keke napep suka haɗu, daga kasuwar Sabon Tasha. Ta shigo da kwali cike da kwalaben fure na gilashi, ta roƙe shi ya riƙe mata a cinya don kada ramukan hanya su fasa su. Shi mai haɗa wayar lantarki ne, kuma nan kusa zai sauka, amma bai farga ba sai a ƙofar gidansu a Unguwar Boro. Sunanta Juliana.

Da yamma ya tura mata saƙo: "Julie, kwalabenki sun isa lafiya. Mai dakonsu ne bai dawo daidai ba."

Ta amsa: "Injiniya, sha ruwan sanyi, zai wuce."

Bai wuce ba. Wata biyar yana zuwa barandar nan. Takan yi masa bayani: a raba tishu mai zanen fure har ya rage falle ɗaya, a shafa gam, a lallaɓa da buroshi daga tsakiya zuwa gefe, ya bushe, sannan a bi da banish, man nan mai sa sheƙi, sau uku don kada ruwa ya ci shi. Shi kuwa idanunta yake kallo, yana "to, to, 'yar gam tawa."

Mahaifinta, Baba Tagwai, ya fi son Tony, shugaban mawaƙan cocinsu. Bai taɓa korar Emma ba, ido kawai ya zuba masa.

Wata Asabar Emma ya zo ya tarar Juliana ta fita. A bayan gida ya ga wata babbar kwalba, tsohuwar takarda manne a jikinta, ga wani fari-fari duk ya ɓata ta. Ya ɗauka takardar da 'yan kasuwa ke naɗe gilashi ce ta kama. Ya ce ga hanyar burge suruki. Ya jiƙa ta a baho, ya sa soso ya dirje ta tas.

Ashe takardar nan wasiƙar marigayiya Miriam ce, mahaifiyar Juliana, wadda ta rubuta mata tana makarantar kwana. Ita kaɗai ce rubutun hannunta da ya rage a gidan. Da safen nan Juliana ta liƙa ta don addu'ar cika shekara biyu da rasuwar uwar, ko banish ba ta sa ba.

Juliana ta dawo ta ga bahon. Ta durƙusa, ta sa hannu a ruwan tana tsintar ɓurɓushin takarda.

Baba Tagwai ya ce, "Wata biyar kana zama a barandar nan, Emmanuel, ba ka san aikin 'yata ba. Je ka. Kada ka dawo."

Kwana huɗu yana tura ban haƙuri, shiru. A na biyar saƙonta ya shigo: "Ba wankewar ce ta fi yi mini ciwo ba. Sau uku na gaya maka abin da zan yi da wasiƙar, kana cewa to."

Ya karanta ya sake karantawa.

Ya tafi wurin Mama Eunice, shugabar zumuntar matan cocinsu. Ta wanke shi da faɗa son ranta, sannan ta ce Miriam ta yi shekara tara tana sakatariyarsu, littattafan taro suna nan cikin akwati. Ba za ta bari a yagi ko shafi ɗaya ba, amma ya je ya yi fotokwafi. Ya ce yana kuma son ya koyi aikin. Ita ma Juliana ce ta koya mata a zumunta, don haka ta zaunar da shi. Kwalba goma sha ɗaya ya ɓata, tana cewa hannunsa kamar na mai fasa dutse. A mako ukun da ya yi yana koyo ya ji Tony ya fara kai gaisuwa gidan.

Ya koma gidansu Juliana da ta goma sha biyun, ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba. Juliana ta fito ta karɓa. Takardar da ya liƙa a jiki shafin wani tsohon taro ne, a gefensa Miriam ta rubuta: "Na makara yau, Julie ta fara tafiya da ƙafarta."

Ta daɗe tana kallo.

Ya ce, "Wasiƙar ba za ta dawo ba, Julie, na sani. Amma ki gaya mini, me ya sa takardar take tattarewa a wuyan kwalbar? Na yi na yi na kasa."

Ta share ido. "Sai ka tsattsaga gefen takardar kafin ka liƙa. Na taɓa gaya maka."

"Sake gaya mini. Ina ji."

Baba Tagwai ya fito, ya sa tabarau, ya juya kwalbar a hannunsa. Ya ce aikin bai yi kyau ba sam, duk ya tattare. Sai idonsa ya tsaya a kan layin nan na gefe. Da ya ɗago ya ce, "Ka turo iyayenka ranar Asabar."

A watan Disamba aka ɗaura auren. Matan zumunta suka cika cocin da ganga da guɗa, Tony ne ma ya ja mawaƙa. Ubangiji ya albarkaci gidan Emma da Juliana, ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana.

Kai kuma mai karatu, akwai wata a gidanku da ta daɗe tana yi maka bayani kana gyaɗa kai. Ajiye wayar nan, ja kujera, ka ce ta sake daga farko.