Akwatin Da Ke Bakin Ƙofa

"Shi da kansa ya ce in turo miki tikiti."

Auta ta janye wayar daga kunnenta ta dube ta, kamar wayar ce ta yi maganar ba Yaya ba.

"Yaya... wa ya ce?"

"Mijinki mana, wa kuma? Ya ce tafiya ta ƙare, ke kuma kina cikin wahala. Dama me na gaya miki tun farko? Aure ne wannan ko yawon duniya? Umma ta ce ki dawo gida, in ya warke ya biyo ki."

"In bai warke ba fa?"



"Sai a san abin yi."

Ta kashe wayar, ta zauna a kan akwatinta da ke bakin ƙofa. Ɗakin shiru, sai ƙugin injin wanki da ke tasowa daga shagon ƙasa.

Mijinta mai gyaran injinan saƙa ne. Kamfaninsu kan tura shi ƙasa-ƙasa, ya gyara na nan ya wuce can. Da za su yi aure dangi sun ƙi, suka ce ba za su ba da autarsu ga mutumin da ba shi da adireshi ba. Ita ta dage. Ya yi mata alkawarin za ta ga duniya, kuma garin ƙarshe a bakin teku yake, ita da ba ta taɓa ganin teku ba.

Sun kuwa ga garuruwa. Duk ranar tashi kayansu kan yi wa akwatin yawa, sai ta kira shi da sunan da ta sa masa ta ce, "Nawa, zauna min." Ya zauna a kai yana dariya, ita tana jan zif.

A wannan garin ne tsani ya zame da shi. Aka sa masa ƙarfe a ƙafa. Yana kwance a asibiti abokin aikinsa, Dogo, ya shiga wajen manya ya ce wannan ƙafar ta gama hawa tsani. Aka ba Dogo aikin tafiye-tafiyen. Shi kuma aka ajiye shi a ɗakin ajiyar kayan gyara, yana miƙa kusoshi daga kan kujera. Duk garin da Dogo ya sauka sai ya turo musu hoto, ya rubuta a ƙasa, Allah ya ƙara sauƙi.

Tun daga lokacin Auta ba ta kwashe kayanta daga akwati ba.

Ga kabad a ɗakin, fayau. Amma da safe ta zaro riga, da yamma ta ninke ta mayar. Ko tukunya in ta wanke sai ta koma cikin jaka. Tagar ba labule. Wa zai sayi labule a garin da zai bari jibi?

Wuni take ita kaɗai. Ba ta jin yaren garin, ba ta kuma yi niyyar ji ba. Takan tsaya a taga ta kalli motocin haya suna tsayawa suna tashi, kowa da inda za shi. Wani lokaci sai mijinta ya dawo take gane cewa tun safe ba ta furta ko kalma ɗaya ba.

Ta share ido, ta sauka karɓo rigunan aikinsa.

Tsohuwa mai wanki ta miƙo mata su a rataye jikin hanga, kamar kullum. Kamar kullum kuma Auta ta zare rigunan, ta tura mata hangoginta.

Yau Tsohuwa ta turo su baya.

Auta ta sake turawa, tana girgiza kai.

Tsohuwa ta ɗora hannu a kansu. Ta nuna sama, wajen ɗakinsu. Ta faɗi wata doguwar magana mai kama da faɗa, irin faɗan Umma. Sannan ta sunkuya ƙarƙashin tebur ta ƙaro wasu, ta danna mata a ƙirji, ta koma kan gugarta.

"Baba, ai ba zama za mu yi ba..." in ji Auta.

Ba wanda ya ji ta. Ita ma da ta faɗa, sai ta ji maganar ba ta da nauyi.

Ta haura sama rungume da hangogi, ta zube su a gado.

Rana ta yi sanyi sa'ad da ta jiyo sandarsa a matakala. Ƙwas, sai jan ƙafa. Ƙwas, sai jan ƙafa. Ba ta tashi ta taro shi ba. Ya turo ƙofa, ƙofar ta bugi akwatin kamar yadda take yi kullum, ya raɓa ta gefe ya shigo.

"Sannu da gida, 'yar Umma."

"Korata kake yi?"

Ya tsaya, hannunsa a kan sanda.

"Yaya ya kira ki ke nan."

"Tambayarka na yi, Nawa. Me na yi maka?"

Ya lallaba ya zauna a bakin gado, ya miƙe ƙafar a hankali. 

"Ba ki yi komai ba. Ni ne na kasa. Na ɗauko ki daga gidanku da daɗin baki, na ce teku, na ce duniya... ga ki a saman shagon wanki."

"Na yi maka ƙorafi?"

"Da kin yi, da ya fi min sauƙi." Ya nuna bakin ƙofa da haɓa. "Kullum in na dawo, wancan ne ke fara gaishe ni. A rufe, a shirye. Daga ƙasan matakala nake fara addu'a, Allah ya sa in tarar da shi. In na tarar da shi kuma sai in ce, to, gobe ne. Na gaji da jiran goben nan, Auta. Na ce gara in buɗe miki ƙofar da hannuna."

Ta dube shi, ta dubi akwatin.

"Kai... tsammani kake don in gudu na shirya shi?"

"To don me?"



"Don kai! Gani nake in na rataye ko riga ɗaya a kabad ɗin nan, kamar na yarda da maganar Dogo ne. Kamar na ce maka ƙafar ta gama. Ina so kullum ka ga ni a shirye nake, ranar da ka miƙe sai mu wuce."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunsa na rawa, ba ta san kuka yake ko dariya ba.

"Ashe wahalar da juna muke yi," in ji shi. "Masoyiya, ji nan. Likita ya ce zan taka. Tsani kuwa... wataƙila, wataƙila a'a. Ba zan yi miki alkawari na biyu ba alhali na farko yana ƙasa."

"Kar ka yi."

Ta tashi ta jawo akwatin tsakiyar ɗaki. Zif ɗin ya ɗan cije kafin ya buɗe. Ta zaro riga ta farko, duk ta yi layin ninki, ta karkaɗe ta.

"Miƙo min hanga."

"Ina kika samo waɗannan?"

"Tsohuwa ce. Ta yi min faɗa da yarensu. Ban ji ko kalma ba, amma na ji faɗan."

Yana miƙowa tana ratayewa. Rigarta kusa da tasa. Tukunya ta hau kantar kicin, takalma suka shige ƙarƙashin gado. A can ƙasan akwatin ta tarar da mayafin da ta ɓoye don ranar zuwa teku. Ta riƙe shi jim, ta shafa shi, sannan ta yafa a kafaɗa.

Da akwatin ya zama fanko, murfin ya faɗo ya rufe da kansa. Ba sai an zauna masa ba.

Suka tsaya kallonsa su biyu.

Ta tura shi gaban gado, ta ɗaga ƙafar mijinta a hankali ta ɗora a kai.

"Likita ya ce ka riƙa ɗaga ta. Ga shi ya samu aiki."

"Tekun fa, Auta?"

"Ruwa ne dai. In marmari ya kama ni, sai in sauka wajen Tsohuwa in kalli injin wanki."

Ya yi dariya, irin wadda rabonta da ji tun kafin tsani. Wayarta ta soma ruri a kan gado. Yaya ne.

Ta ɗauka.

"Yaya, ka gaida Umma. Ka ce mata ina gida."

Ta ajiye, ta juya ta kalli tagar da hasken yamma ke shigowa ba shamaki.

"Nawa."

"Na'am, 'yar Umma."

"Gobe in ka je aiki, ka tambayo min yadda ake cewa labule da yarensu."