Tela da Mai Gyaran Wuta

A kan bencin ƙofar ofishin sulhu na kotu suka fara haɗuwa. Ita tela ce, 'yarta na barci a cinyarta. Shi kuma mai gyaran wuta ne, jakar kayan aikinsa na tsakanin ƙafafunsa.

"Ke ma maganar kuɗin ciyarwa ce?" ya tambaye ta.

"Ita ce. Mun rabu da babanta, ban ma san me zan ce musu ba."

"Kada ki damu. Za su duba abin da uban yake samu a wata, su lissafa abinci, sutura, makaranta da asibiti, sai su yanke gwargwadon ƙarfinsa. In yarinyar tana hutu a wajensa, su rage na kwanakin. Ni biya nake yi, ɗana yana wajen uwarsa."

Ta kalle shi sama da ƙasa. "Ashe da abokin gaba nake zaune."

Ya yi dariya har yarinyar ta farka. Kafin a kira ta, ya ji cewa keken ɗinkinta yana jan ta da wuta, ya karɓi lambarta.

Rana ɗaya ya gyara keken, amma zuwa shagon bai ƙare ba. Yau soket, gobe ƙwan fitila, har mai shagon kusa ta ce ba ta taɓa ganin wutar da ke lalacewa kullum da la'asar ba.

Wata safiya saƙonsa ya shigo: "Zumata, na gaji da neman abin gyara a shagonki. Ki ba ni izini in je gaban Mamanki."

Ta amsa: "Ka je, abokin gaba. Allah ya ba ka sa'a."

Mama ba ta ba shi fuska ba. Bayan ya tafi ta ce, "Mutumin da kuɗi bai shiga aljihunsa ba an cire na wani gida? Da me zai riƙe ki?"

Tsohon mijin ma ya bugo waya, ya ce ranar da ta yi aure ko sisi ba zai sake bayarwa ba.

Da telar ta gaya wa mai gyaran wuta, sai ya ce, "Ƙyale shi. Zan roƙi a rage na ɗana, in ɗauki nauyin 'yarki."

Ta ajiye almakashi. "Ka rage wa ɗanka don ka aure ni? To ka fita mini daga shago."

Mako ya wuce ba ta ɗauki wayarsa ba, har ya fara zaton komawa gidan tsohon mijinta za ta yi. Daga baya ya rubuto: "Na yi kuskure, Zumata. Na ɗana yana nan yadda yake. Na karɓi aikin wayoyin wani sabon gini, zai ishe mu."

Ta amsa: "Yanzu ka yi magana. Fankar shago ta tsaya."

A ofishin sulhu aka kira tsohon mijin. Mai sulhun ta ce masa, "Malam, auren uwa ba ya sauke maka nauyin 'yarka." Da ta ga an ƙara masa albashi, sai ta ƙara kuɗin ma.

Mama kuwa da ƙafarta ta je wajen tsohuwar matar mai gyaran wuta.

"Taurin kai gare shi, Mama," in ji matar. "Amma bai taɓa bari na tuna masa kuɗin ɗansa ba."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, 'yarta da ɗan ango suka kaure da rigimar wa zai zauna kusa da tagar mota. Mama ta raba su, sannan ta riƙe hannun ango.

"Ga ta nan, ɗana. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya raya muku yaran nan, ya ƙaro musu ƙanne."

"Amin, Mama," ya ce.