Jam'iyyar Ba Tilas

Tabaran Baba ne ya kai Auta shagon. Ƙafar tabaran ɗaya ce ta ɓalle, shi kuwa Baba, tsohon hedimasta da ya yi ritaya, ya ce ba zai iya yini guda babu shi ba, saboda labaran duniya da yake karantawa a waya tun safe har yamma.

Shagon ɗan ƙarami ne, madubi ta kowane ɓangare, ga allon haruffan gwajin ido a rataye. Mai tabarau saurayi ne dogo, marar hayaniya. Ya ce ta ba shi minti goma, ya sunkuya yana neman 'yar ƙusar da za ta dace.

Sai wayarsa da ke kan kanta ta buga wata ƙararrawa da Auta ta sani ko a mafarki. A daidai lokacin tata ma ta buga a cikin jaka. Suka ɗago suka dubi juna.

Ga wanda bai sani ba, wasa ne na intanet. An ƙirƙiro wata ƙasa da babu ita a taswira, aka yi mata majalisa mai kujeru ɗari, 'yan wasa suna kafa jam'iyyu, suna zaɓe, suna zagin juna cikin ladabi. Ƙararrawar nan kira ce zuwa kaɗa ƙuri'a. Auta shekararta guda a cikin wata 'yar jam'iyya mai kujeru bakwai, sunanta Ba Tilas. Aƙidarsu ɗaya ce: gwamnati ta cire hannunta daga kasuwar mutane da bakinsu, a bar kowa ya zaɓi abin da ya ga dama. Dokokinsu biyu: shugaba ba ya ba da umarni, kuma ba a tambayar kowa sunansa na gaskiya.

Ba ta tambaya ba. Idonta ne ya faɗa kan wayar, ta ga sunan da ke sama. Bar-Ni. Shugaban jam'iyyar da kansa, wanda ta daɗe tana ɗauka wani tsoho ne mai tumbi.

"Kai ne Bar-Ni?"

Ya dube ta da mamaki.

"Ni ce Kurciya," ta ce.

Ƙusar ta suɓuce daga hannunsa. Ai dole. Ko mako ba a yi ba da Kurciya ta tsaya a zauren jam'iyya ta kira shi shugaban da ba ya iya korar kaza daga shanya, don sun faɗi wani ƙuduri da ƙuri'a ɗaya, kawai saboda ya ƙi ce wa mutanensa su fito. Minti goman nan sai da ya zama awa guda, rabi neman ƙusa a ƙasa, rabi dariya.

Daga nan saƙonni suka soma. Tana bakin aikinta a ɗakin karatu, tana jera littattafai, sai ta ji waya ta motsa.

"Kurciyata, tabarau goma sha biyu na gyara yau. Duk wanda na ɗaga in duba gilashinsa, fuskarki nake gani. In kin ga dama ki amsa. Ba tilas."

Ta rubuta masa: "Shugaba, na ga dama."

Wata biyar suna haka. A zaure kuwa ba ta fasa yi masa tsiya ba, ita da wani ɗan jam'iyya mai suna Kujerar Baya, wanda ba ya rubutu ƙasa da shafi biyu. Shi ma ba su cika shiri da ita ba. Ita ce ta laƙaba masa Tsohon Gardama, sunan ya bi shi.

Ana cikin haka Injiniya ya shigo neman auren Auta. Ɗan abokin Baba ne, mai mota da baki, irin mutanen da kafin ka ce musu bismillah sun riga sun zauna. Da ya ji akwai wani a gabansa, sai ya je ya gaishe da Baba, ya ɗan rage murya ya ce yaron nan fa kullum kansa a kife yake kan wasan waya, wa ya sani ko caca ce.

Baba bai nemi ƙarin bayani ba. Ya kira Auta ya ce shi ba zai ɗora mata Injiniya ba, amma mai tabarau ko ƙofar gidansa kada ya taka. Mama ta ce a dai ga yaron tukuna. Baba ya ce shekara talatin yana karantar yara, ba sai ya ga mashiririci zai gane shi ba.

Auta ta shiga ɗaki, ta rubuta wa Shugaba komai. Ta zauna tana jira ya ce ba zai yarda ba, ya ce zai zo ko da za a kore shi da tsintsiya. Amsar ta zo.

"Kurciya, zaɓi naki ne. Ba zan shiga tsakaninki da mahaifinki ba, ba kuma zan matsa miki ba. Duk abin da kika yanke na karɓa."

Sau uku ta karanta. Ba ta taɓa jin kalmomi masu ladabi sun yi mata zafi haka ba. Ashe ita ma ƙuduri ce, in ta wuce to, in ta faɗi to. Ta kife wayar, ba ta sake amsa masa ba, ko da ya turo gaisuwa kullum safe.

Mako uku ta yi tana rama. Injiniya ya ga fili, ya ƙara yawan zuwa, har ta fara tunanin mai baki ya fi wanda ba ya iya cewa yana so.

Ranar wata Laraba da rana, ƙararrawa ta buga. Ta buɗe don ta fice daga jam'iyyar gaba ɗaya, sai ta tarar da zaure a hargitse. Bar-Ni ya ajiye shugabanci.

"'Yan'uwa, na sauka. Akwai wadda nake so fiye da raina. Mahaifinta ya ƙi ni ba tare da ya taɓa ganina ba. Na ce mata zaɓi nata ne, don na ɗauka haka ake girmama mutum. Tun ranar ba ta sake yi mini magana ba. Ban san me nake jagoranta ba kuma."

Auta ta zauna a kan kwalin littattafai, baki buɗe. Mutumin da ya kasa faɗa mata a ɓoye, ga shi ya faɗa wa duniya.

Ba ta gama farfaɗowa ba sai ga amsar Kujerar Baya, kuma abin mamaki, yau gajeriya ce.

"Yaro, ka yi wauta. 'Yanci ba shiru ba ne. Ta yaya za ta zaɓa alhali ba ka ajiye komai a gabanta ba? Faɗi abin da kake so, sannan ka bar ta ta yanke. Shi kuma uban, wane irin uba ne zai yanke hukunci bai ji ta bakin wanda ake ƙara ba? Ka wanke ƙafa ka je gidansa gobe da ƙarfe huɗu. In ya kore ka, ka ce ni na aiko ka. Dattijon da ya ƙi sauraro, furfurarsa ado ce kawai."

Washegari ƙarfe huɗu daidai aka yi sallama. Auta tana bayan labulen falo. Baba ya fito fuska a murtuke, ya zauna, ya gyara tabaransa. Mai tabarau ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, na san ka hana ni zuwa. Ina son 'yarka, aurenta nake so. Ban taɓa caca ba. Wasan da nake yi na majalisa ne, kuma wani dattijo a cikinsa ne ya ce in zo."

Baba ya ce wane dattijon banza ne zai aiko yaro gidan mutane. Saurayin ya ciro waya ya fara karantawa. A "yaro, ka yi wauta" Baba ya daina motsi. A "wane irin uba ne" ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Kafin a kai ƙarshe, sai Auta ta ji muryar mahaifinta, can ƙasa, ta riga mai karatun.

"Furfurarsa ado ce kawai."

Mai tabarau ya dubi waya, ya dubi Baba, ya sake duban waya.

"Kai ne Bar-Ni?" in ji Baba.

"Baba, kai ne Kujerar Baya?"

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Jiya Baba ya zauna a kan wannan kujera ya wanke wani uba tas, har ya ci abinci da daɗi bayan ya gama, bai san kansa ya yi wa aski ba.

Mama ce ta fara magana. Ta ajiye ruwan da ta kawo ta ce, "To Malam, ashe labaran duniyar ke nan da ake hana mu ko tari?"

Auta ba ta san lokacin da ta saki labulen ba. "Tsohon Gardama," ta faɗa a hankali, sannan ta toshe baki da hannu biyu.

Baba ya juyo. Mutum ɗaya ne a duniya ya raɗa masa wannan suna.

"Auta. Ke ce Kurciya?"

Ta durƙusa inda take, tana so ƙasa ta tsage. Fiye da shekara tana ce wa mahaifinta ya taƙaita surutu, daga ɗakin da ke jikin nasa.

Baba ya gyara zama. Sannan ya ce shi dai bai taɓa janye maganarsa a zaure ba, ba kuwa zai fara a gidansa ba. Ya ce ya zalunci yaron nan da jita-jita, ya nemi ya yafe masa. Ya dubi 'yarsa.

"Ya ajiye nasa a gabanki. Saura ke."

Ta dubi mai tabarau. Karon farko bai ce mata ba tilas ba. Idonsa cike da hawaye ya ce, "Kada ki bar ni, Kurciyata."

"Na ga dama," ta ce. "Tun ranar da ƙusa ta faɗi na ga dama."

Injiniya ya ji labari, ya daina zuwa gaisuwa. Bayan wata biyu aka ɗaura aure, jam'iyya kuma ta mayar da shugabanta da ƙuri'a bakwai cif, don wannan karon ya buɗe baki ya roƙa.

Ranar da za ta tafi, Baba ya dafa kanta, ya dafa kafaɗar angon. Kowa ya gyara zama ana jiran shafi biyu. Amma bai tsawaita ba.

"Ku riƙa faɗa wa juna abin da ke ranku," ya ce. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ko da za su zo da gardamar uwarsu."

Mama ta ce ta kakansu dai. Aka shafa da amin ana dariya, Auta tana share hawaye da hannu ɗaya, ɗayan yana cikin na mijinta.