Mai Jifa a Rumfar Ɗalhatu

Ana gab da kiran magariba dutse na farko ya faɗo. Ɗalhatu direban wani Balarabe ne a unguwar Mu'aither, can ƙasar Larabawa, kuma da hannunsa ya kafa rumfar nan a bayan ɗakunan da kafil, wato ubangidan nasa, ya ba shi, ya rufe ta da busasshen ganyen dabino don ta riƙa tuna masa da gida. Shi ya ja mata wuta, ya cusa waya ta cikin ganyen, ya murɗa mahaɗin ya naɗe da leda. A ƙarƙashin ƙwan fitilar ne 'yarsa Muhsina take shimfiɗa tabarma ta yi karatu kowace yamma.

Dutse na biyu a gefen tabarmar ya dira. Fausatu, matar Ɗalhatu, ta fizgo yarinyar tana salati.

Kwana uku, da zarar an kunna fitila sai jifa. Ɗalhatu bai sha wahalar neman mai laifi ba, domin shi mutum ne da zarginsa ke riga tunaninsa isa. Maƙwabcinsu Fatawu, ɗan Zangon Kumasi mai aikin wayarin, ya taɓa leƙowa ya ce, "Maigida, wayar nan ba ta yi ba, bari in sa maka ita cikin fayif." Ɗalhatu ya ce khalas, magana ta ƙare, ba ya buƙata. To, a ganinsa, ga haushin hana Fatawu aiki ya fito fili! Ya daina amsa sallamarsa, ya laɓe bayan tankin ruwa yana gadin katanga. Dutsen ya zo, amma ba ta katanga ba. Daga cikin ganyen ya faɗo, da ya ɗauka kuwa sai ya ji shi da ɗumi.

Rana ta huɗu Muhsina ta miƙe daga tabarma, idanunta a kafe, ta yi wani nishi da muryar tsohuwa. Tsoro ya kama Ɗalhatu irin wanda bai taɓa ji ba. Ya kira Malam Ja'afar, mai gadi a filin jirgi wanda aka sani da ruƙiyya, ya zo ko kayan aiki bai cire ba. Ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya motsa.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Da ganyen aka kwaso mu daga gona, ni da 'ya'yana."

Ɗalhatu ya yi caraf ya ce, "Fatawu ne ya turo ki ko?"

Ta yi wata busasshiyar dariya. "Igiyar wutarka ta ƙone mini autana jiya. Ina jifa don ku ɗauke yarinyarku daga wurin, kai kana can kana kallon katanga."

Malam bai gaskata ta ba, don aljanu ƙarya ba ta yi musu wuya. Ya ce, "In gaskiya ne, saki yarinyar."

"Zan sake ta, mu koma gonarmu. Amma a cire igiyar yanzu. Kuma wanda ake zargi shi zai cire, hannun wannan ban yarda da shi ba."

Muhsina ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin uwarta tana neman ruwa.

Taku goma ne zuwa ƙofar Fatawu, amma sun yi wa Ɗalhatu nisa. Fatawu ya biyo shi nan take. Ya kashe wutar daga babban makunni, ya hau tsani da tocila, ya buɗe ganyen. Ledar ta narke, wayar tsirara, ganyen ya yi baƙi ƙirin faɗin faifai, har yanzu yana fitar da siririn hayaƙi.

Ɗalhatu ya bi wurin ƙunar da ido zuwa ƙasa. Daidai kan tabarmar yake, toka ta zuba a kan littafin Muhsina da ke buɗe.

Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, Fatawu ya riga shi.

"Riƙe min tsanin, maigida," in ji Fatawu.

Ya riƙe da hannu biyu.