Hoton Kitson Khaulat

Khaulat na tsakar gida tana tankaɗen garin tuwo tana 'yar waƙarta, sai ga ƙanwarta Murja ta faɗo ko sallama babu, hijabin Islamiyya a karkace.

"Yaya Khaulat, mun shiga uku! Hotonki ne a wayoyin samari!"

"Wane hoto kuma? Ke dai ba kya rabo da ɓaɓatu."

"Wanda kika ɗauka ranar da aka yi miki kitson shuku — ba ɗankwali, daga ke sai shimi! A tashar Dambam na ga ana ta tura wa juna ta bulutut. Har wani ya ce da ni, 'Ke ba ƙanwarta ba ce?'"

Rariya ta suɓuce daga hannun Khaulat, gari ya watse a ƙasa.

Bikinta da Zainulabideen ya matso, har an kawo lefe. Shi yana can Kalaba yana bautar ƙasa, kullum ya kira sai magiya: "Haba Khaulat, ko na kitso ne ki turo mini, ni kaɗai zan gani." Ita kuwa so ya ɗebe ta. Ta je kafe, shagon intanet na bayan kasuwa, ta juye hoton daga wayarta zuwa kwamfuta, ta aika masa ta imel, ta tashi abinta. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa abin da ka juye a kwamfutar haya yana nan zaune sai ka goge shi. Wani marar tsoron Allah da ya zauna bayanta ya tarar da shi, ya kwashe.

Mahaifiyarsu Hajiya Fadimatu ta fito daga madafa, ashe duk ta ji.

"Kanki, Khaulat? Kan da ko surukarki ba ta taɓa gani ba, shi ne yau 'yan acaɓa ke kallo?"

"Wallahi Inna shi kaɗai na tura wa! Shi kaɗai!"

"To ga shi kaɗai ɗin ya zama Azare gaba ɗaya."

Khaulat ta figi hijabi ta ruga kafe, takalmi ƙafa ɗaya nata ƙafa ɗaya na Murja. Ta durƙusa gaban mai shagon tana kuka. Ya goge a gabanta, ya girgiza kai.

"'Yar'uwa, nan dai na goge. Amma wanda ya shiga wayoyi fa? Ko ni ban san adadinsu ba."

Washegari mata biyu suka yi sallama daga gidan Bappa Giɗaɗo, wan mahaifin Zainulabideen, wanda ya riƙe shi tun rasuwar ubansa. Ko ruwa ba su sha ba.

"Hajiya, ki yi haƙuri, mu 'yan aike ne. Malam ya ce a ba mu akwatunan."

Khaulat ta kwanta a kan akwatunan ta rungume su. "Don girman Allah ku bari ya zo! Ku ji ta bakinsa!" Da ƙyar Inna ta ɓamɓare hannunta, ita ma tana hawaye. Aka fita da lefe ana leƙe ta katanga. Ranar Khaulat ta yi kuka har muryarta ta dishe, ta ce da ma ƙasa ta tsage ta shige.

Da labari ya kai wa Zainulabideen, bai tsaya neman izinin kirki ba ya hau mota. Da kakinsa na bautar ƙasa ya zube a zauren Bappa.

"Mu Fulani da pulaku aka san mu," in ji Bappa, ko kallonsa bai yi ba. "Kunya ce gadonmu. Ba zan karɓo maka auren yarinyar da duk gari ya ga kanta ba. Har a masallaci aka nuna mini!"

"Bappa, ni na matsa mata."

"Me ka ce?"

"Ni na yi ta roƙonta har ta gaji ta turo. Ba ta taɓa yi ba. In rashin kunya ne, daga gidan nan ya fito. Ka hukunta ni, amma kada ka bar ta da abin faɗa ita kaɗai."

Bappa ya daɗe yana jan carbi, ransa a ɓace. Shi da ya ɗauka tarbiyyar gidan wani ce ta lalace!

"Tashi ka ba ni wuri. Ba biki sai bayan girbi. In ga kamun kanku, kai da ita."

Damina guda Khaulat ta yi ba ta leƙa ko ƙofar gida sai Islamiyya. Aka yi da ita a gidan biki, aka yi da ita a gidan suna, ba ta tanka wa kowa ba. Ta rame, ta dage da addu'a. Da aka kai amfanin gona gida, Bappa da kansa ya sa aka mayar da lefe, har da ƙarin turmi biyu na ban haƙuri, aka ɗaura aure.

Bayan shekara, tana cikin motar Katagum da jaririnta a cinya, wata budurwa da ke gefenta ta miƙo mata waya tana dariya.

"Anti, kin taɓa ganin wannan? Wai wata 'yar Azare ce da aka fasa aurenta."

Khaulat ta dubi hoton, ashe nata ne.

"Ba a fasa ba. Ga ɗanta nan. Ki taimaka ki goge, mai hoton ce ke roƙonki."

Nan take yarinyar ta goge.

'Yan'uwa matasa, haƙuri ya dawo wa Khaulat da mijinta, amma bai dawo mata da hotonta ba. Kafin ki tura, kafin ka roƙa a turo maka, ku tambayi kanku: in duk gari ya gani, zan iya ɗaga kai? In ba za ku iya ba, ku bar shi a inda yake.