Muryar da Rimot Ya Daina Ji

Da ƙarfe huɗu da rabi na yamma rimot ɗin Malam Jatau ya yi ƙyafta ɗaya. Fanka ta rage gudu, famfon tsakar gida ya shayar da bishiyar lemo ya rufe kansa. A fuskar rimot ɗin akwai 'yar koriyar lamba: kashi casa'in da ɗaya. Wata biyar ke nan rabonsa da caji.

Tabawa, 'yar Malam Jatau, ta daɗe tana kallon lambar. Ita ce injiniyar da ta yi aikin rage wa rimot cin batir, kuma lambar ba ta kwanta mata ba.

A birnin Gangare kowane gida na da Sarrafau, rimot guda da ke juya komai, daga murhu har ƙofar gida. Katangun gidajen birnin masu kauri ne, an gina su don tare ƙugin jiragen da ke yawo a sama, saboda haka ko sallamar baƙo sai ƙyaure ya ɗauka ya miƙa wa rimot, shi kuma ya maimaita ta a cikin gida. Abin da kullum kunnensa a buɗe yake kuwa ba ya barin batir ya huta. Kwana uku ya mutu. Mutanen da ke zuwa aiki ta sama sai ga su sun koma dabarar kakanni, ana buga rimot a tafin hannu, ana shanya batir a rana, wasu har da cizo.

Tabawa ta ƙirƙiro manhajar da ta sa wa suna Tattalau. Ƙa'idarta ɗaya ce: duk ƙarar da ta yi ta shigowa ba a taɓa danna maɓalli dominta ba, ba ta da amfani, a daina sauraronta. Kukan akuya, shelar 'yan talla, hayaniyar titi. Ta fara gwadawa a gidan mahaifinta, daga baya aka tura wa gari duka. A lissafinta batir zai kai wata biyu. Ga shi ya yi biyar bai ko girgiza ba, kuma ita ta san inji ba ya kyauta. In ya ba ka fiye da lissafi, to akwai inda ya yanka.

Malam Jatau na zaune a kan tabarma, kofin shayi biyu a gabansa, ɗaya ya huce. Tsohon ya rame.

“Baba, har yanzu Baba Talle bai leƙo ba?”

Talle abokinsa ne tun suna koyon ɗinki. Shekara arba'in, kullum bayan la'asar sai ya zo sun sha shayi sun yi musu.

“Ya ɗauke ƙafa,” in ji tsohon. “Na yi ta tunani. Ko tsokanar da na yi masa ce a kan hularsa, ko wani ya kai masa magana.” Ya ɗago ya dube ta da gefen ido. “Ke dai ba ki faɗa masa wani abu ba ko?”

Zargin ya yi mata ciwo, amma ta shanye. “Me ya hana ka kira shi?”

“In tambayi dattijo me ya sa bai zo gidana ba? Ba ni da kunya ne?”

Tabawa ta haɗa rimot ɗin da allon kwamfutarta, ta buɗe rumbun ƙararrakin da Tattalau ya watsar. Akuya. Mai tallan ruwa. A layi na shida aka rubuta: muryar namiji, kwana talatin da ɗaya a jere, bayan la'asar. Ta ƙara sautin allon. Ta danna muryar ranar ƙarshe.

“Salamu alaikum.”

Shiru. Aka sake, aka kuma sakewa. Sau uku, yadda ladabi ya tanada. Sai ɗan tari, sannan muryar ta yi ƙasa: “To, Jatau. In na yi laifi, Allah ya huci zuciyarka.”

Kofin da ke hannun Malam Jatau ya karkace, shayi ya zuba a tabarma.

“Baba,” ta ce a hankali, “idan Baba Talle ya yi sallama, wane maɓalli kake dannawa?”

“Maɓalli? Talle zan buɗe wa da maɓalli, sai ka ce injin da ke kawo mana gas? Tashi nake in zare sakata da hannuna.”

Nan Tabawa ta gane inda inji ya yanka. Mako biyu Tattalau yana jin muryar Talle ba a danna komai, sai ya jefa ta layi ɗaya da akuya. Ta leƙa rumbun gari duka. Muryoyi dubu goma sha ɗaya. Iyaye, surukai, malamai, tsofaffin aminai. Duk wanda ake girmamawa har a tashi a buɗe masa da hannu, shi aka fara toshe wa kunne. Wata biyar ta yi tana auna wutar batir, ba ta taɓa tambayar kowa yadda yake buɗe ƙofa ba.

Malam Jatau ya riga ya sa takalmi. Tabawa ta ɗauki rimot ɗin ta bi bayansa.

Gidan Talle layi uku ne daga nan. Tsohon ya tsaya a bakin ƙyaure, ya gyara murya ya yi sallama. Ya sake. Ya yi ta uku. Ba amsa, don Talle ma da hannu yake buɗe masa duk ranar da ya zo, Tattalau ya watsar da tasa muryar. Malam Jatau ya juya zai tafi, yadda aka koya masa tun yana ƙarami.

Tabawa ta ɗaga rimot ɗin ta shiga dukan ƙyauren da shi har murfinsa ya tsage. Wannan sabuwar ƙara ce, Tattalau bai koyi watsar da ita ba tukuna. Idon kyamarar da ke saman ƙofa ya juyo, ya tsaya a kan fuskar mahaifinta. Ya daɗe a nan.

Malam Jatau ya gyara zaman hularsa. Ya kasa kunne kusa da ƙarfen, yana jiran ƙarar sakata.

Sai wani abu ya yi ƙas, ƙyauren ya zame da kansa. Can cikin tsakar gida Talle na zaune a kujera, rimot a hannunsa, bai motsa ba.

Malam Jatau bai shiga ba. Ya dubi 'yarsa, idonsa ya kawo ruwa.

“Tabawa,” ya ce, “da maɓalli ya buɗe mini.”